Rijiyar Gas a Bayan Kamfanin Alewa

Ku ajiye wayoyin nan tukuna. Na ga abin da kuka nuna mini: wani ya samo durom na roba, ya zuba kashin shanu da ruwa, ya rufe, ya ƙyasta ashana, wuta ta kama, aka yi masa tafi. Shi ne kuka kwaso ƙafa kuka zo kuna ce mini, "Baba, ashe aikin naku ba wuya." Wanda ya ɗauki hoton nan bai nuna muku ranar da durom ɗin ya yi tsami ba. Bai nuna muku wanda zai kwashe shi in ya toshe ba. To ku gyara zama ku ji.

Ni Haruna, daga wani ƙauye na fito a gefen Ringim. Na shigo Kano da ƙarfina a shekarun da kamfanoni ke ta tsirowa a Bompai da Sharada da Challawa, lokacin da in ka tsaya a bakin get da safe, kafin rana ta yi zafi wani ya kira ka aiki. Ni kamfanin alewa da biskit ne ya kira ni, a Sharada. Na ɗauka cikin ƙamshin suga zan yi aiki. Sai aka zagaya da ni can bayan katanga, inda ƙamshin ya ƙare.

Aikina na farko tsince raga ne. Duk ruwan da kamfanin ya zubar, na wankin tukwanen suga da na wankin daɓe, da kuma lakar da famfo ke tsotsowa daga sokawen bandakunan ma'aikata, wuri guda yake haɗuwa, a wani babban kwatami. Kafin ya shiga kwatamin sai ya ratsa ta ragar ƙarfe. Ni kuma ina tsaye a kanta da manjagara, ina janye tsumma da takardar alewa da murfin kwalba da duk abin da mutum marar tunani zai jefa a masai. In ka yi sakaci tsumma ɗaya ya wuce, shi ne zai je ya naɗe a bakin famfo, kuma kai ne za ka kwance famfon ka sa hannu ka zaro shi. A watan farko ko abincin rana ba na iya ci.

Daga kwatami sai rijiya. Haka muke ce mata, duk da ba ruwan sha a cikinta. Rami ne zagayayye da aka gina da bulo da siminti, faɗinsa ya kai zauren mai unguwa, zurfinsa kuwa in ka leƙa shi a bushe sai jiri ya ɗebe ka. A samansa an kifa wata ƙatuwar ganga ta ƙarfe, bakinta a nutse cikin laka, muna ce mata hula. In gas ya taru, hula ta ɗaga a hankali. In an sha gas, ta sauka. Daga kan hular bututu ya tashi, ya bi jikin katanga ya rabu biyu, ɗaya ya nufi kicin ɗin kantin, ɗaya ya nufi wurin dafa ruwan wanke tukwane. Tsohon Alhajin da ya kafa kamfanin ne ya sa aka yi rijiyar, mutum ne da ba ya son ganin ana zubar da komai. Ya ɗauko wani injiniya Ba'indiye ya gina, ya zauna har ta kama aiki, sannan ya danƙa ta a hannun Baba Bulus ya koma ƙasarsu.

Baba Bulus mutumin Pankshin ne, gajere, mai faɗin ƙirji, asalinsa mai aikin famfo. Shi ne maigidana a sana'ar nan. Da ya ga na daɗe a kan raga ban gudu ba, ya kira ni ya ce in hau in kara kunnena a jikin hula.

"Me ka ji?"

Na ce, "Baba, kamar talge yana tafasa can ƙasa."

Ya ce, "To abin da kake wa aiki ke nan. Akwai ƙananan halittu a cikin lakar nan, ido ba ya ganinsu. Su ke cin ƙazantar su fitar da gas. Ba sa son iska, ba sa son sanyi, ba sa son tsami, ba sa son a canja musu abinci farat ɗaya. In sun mutu, rijiyar nan ta zama shadda kamar kowace shadda. Ka gane?"

Na ce na gane. Sai da na shekara kafin in gane da gaske.

Ciyar da rijiya shi ne abin da ya fi ba ni wuya. Ba buɗe bawul, wato makullin bututu, kawai ake yi a tafi hira ba. Sai ka haɗa lakar sokawe da ruwan suga a kwatami, ka dama har kaurin ya yi kamar na kunu. Ka tsoma gora ka ɗaga, ka ga yadda yake zuba. In ya yi ruwa-ruwa zai wanke halittun ya fita da su ta ɗaya gefen. In ya yi kauri zai kwanta a ƙasa ya zama dutse. Baba zai tsaya a bayana hannu a baya, sai na kai hannu kan bawul sannan ya ce, "Sake damawa." Haka kuma yake bin masu share bandakuna ɗaya bayan ɗaya yana roƙonsu su rage zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a masai. Suna yi masa dariya, wai tsoho na tausayin tsutsa.

Na tuna ranar da tukunyar suga ta ƙone a cikin kamfani. Masu dafawa suka ji tsoron faɗa, sai suka saki ruwa suka kora narkakken sugan gaba ɗaya, ya bi magudana ya taho mana. Ku a tunaninku ai daɗi ne, abinci ya samu. Da yamma hula ta yi sama kamar za ta fice daga ramin, kumfa na ambaliya ta gefe. Washegari ta sauka ta yi shiru. Suga in ya yi yawa tsami yake zama, tsamin kuma ya kwantar da halittun da ke yin gas. Malam Aminu na ɗakin gwaji, wanda ya yi karatun kimiyya a Zariya, shi ke ba mu wata 'yar takarda da ake tsomawa a ruwan rijiya, launinta ya gaya maka ko ta yi tsami. Shi ya koya mini launukan da haƙuri, kuma ba ya ƙyamar tsugunawa tare da mu a bakin kwatami. Ranar nan takardar ta yi ja. Muka rufe bawul, muka daina ba ta komai. Muka dama farar ƙasa a bokiti muna zubawa kaɗan-kaɗan, muna motsawa da doguwar gora, muna gwadawa. In ka gaji ka antaya da yawa, ka kashe ta ta wata hanyar. Sannan muka tura amalanke zuwa kwata muka kwaso abin da mahauta ke zubarwa daga tumbin shanu, da ɗuminsa, muka tace muka ɗura mata, don irin halittun nan ne a cikin tumbin saniya. Mun daɗe muna lallaɓa ta kafin wuta ta dawo daidai. Wanne ne a cikin wannan aka nuna muku a waya?

Neman yoyo kuma aikin kowace safiya ne. Kwano, ruwan sabulu, da gashin kaza. Ka bi bututu gaɓa-gaɓa kana shafawa, inda kumfa ta kumbura nan gas ke gudu. Ba a nema da ashana. Na ga wani mai gadi da ya gwada, girarsa ba ta sake fitowa ba. Akwai 'yar tukunya a ƙasan bututu inda raɓar gas ke taruwa, in ba ka zubar da ruwan ba wuta ta riƙa tari tana mutuwa. Akwai wani akwati da muke cikawa da ɓurɓushin ƙarfe da muke roƙowa wurin makanikai, gas ya bi ta ciki ya bar warin ruɓaɓɓen ƙwai a jikin ƙarfen. In ƙarfen ya yi baƙi ka fitar ka baza a inuwa, kuma kada ka tara shi tsibi guda, don yakan ɗauki zafi da kansa har ya kama wuta. Da sanyi kuwa rijiya takan yi kasala, sai mu juyo mata ruwan ɗumi daga wurin wanke tukwane, mu lulluɓe gefen hula da buhuna.

Masu cin moriyar aikinmu iri biyu ne. Akwai Maman Ladi, shugabar masu girki a kantin, 'yar Kafanchan, wadda ba ta raga wa kowa. In wuta ta yi shuɗi tana huci, ba za ka ji bakinta ba. In ta yi ja ko ta yi ƙasa, daga ƙofar kicin za ta ɗaga murya.

"Haruna! Ka gaya wa Baba wutarku yau ba ta karya kumallo ba. Wake zan dafa, ba shayi ba!"

Sai kuma masu lambu na bakin rafi. Lakar da ta gama aiki a rijiya baƙa ce, ba ta wari, muna baza ta a fili ta bushe ta farfashe, su zo da jakuna su kwasa. Da farko sun ƙi, suna cewa kashin mutane ne. Da wani ya gwada a kan kabejinsa aka ga yadda ya yi, sai da muka riƙa raba musu faɗa.

Amma ma'aikatan da ke cin shinkafar da aka dafa da wutarmu, in mun shigo kantin sai su ja benci. 'Yan kwasar kashi suke ce mana. Mu yi wanka da sabulu mu canja kaya, duk da haka sai wani ya toshe hanci yana dariya. Maman Ladi ce ta taɓa ƙwace kwanon wani daga gabansa ta ce, "Tunda ƙyama kake, tashi ka je ka ci ɗanye. Da me kake tsammani aka dafa?" Daga ranar aka rage, ba a daina ba.

Mu uku ne a bayan katanga. Na ukunmu Isufu, mutumin Damagaram, wanda fari ya koro shi da matarsa da 'ya'yansa suka kama ɗaki a Na'ibawa. A garinsu haƙar rijiya yake yi, saboda haka ba ya tsoron rami, kuma ya san igiya fiye da kowa. Shi ke fasa ɓawon da ke daskarewa a saman laka, shi ke juya takin da aka shanya. Dogo ne siriri, ba ya gajiya. In an tashi hutun rana sai ya dafa mana shayi mai ɗaci a kan wani ɗan murhu da Baba ya ja masa tiyo daga bututu. Yakan ce duk Kano babu shayin da ya kai namu tsabta, tunda wutarsa ma sai da aka tace ta.

Sai mummunar shekarar ta zo. Gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu, suga da fulawa suka daina shigowa kamar da, aka rage kwanakin aiki, aka fara sallamar mutane. Tsohon Alhaji ya kwanta rashin lafiya, 'ya'yansa suka kawo sabon manaja. Ba zan faɗi sunansa ba. Mutum ne mai fara'a a ofis, mai son a ce ya iya tattali.

Akwai wani kamfanin jimar fatu kusa da mu. Ruwan irin waɗannan kamfanoni kun san shi, ko ba ku gan shi ba kun ji shi a hanci, wani shuɗi-shuɗi, wani fari-fari, cike da gishiri da magungunan da ke tuge gashi daga fata. Mutanen ƙauyen da ke bayanmu sun kai ƙara don awakinsu na mutuwa, aka ce duba-gari za su zo. Sai masu fatun suka zo wurin manajanmu suka daidaita: tankarsu ta riƙa juye ruwan a kwataminmu, in an tambaya a ce ai ana gyara shi a rijiyar maƙwabta.

Manaja ya kira Baba da Malam Aminu ofis ya gaya musu. Ina bakin ƙofa riƙe da sifana, don tare muka taho da Baba. Malam Aminu ya yi masa bayani tiryan-tiryan, cewa maganin jima an yi shi ne don ya hana fata ruɓewa, rijiyarmu kuwa da ruɓewa take aiki.

Manaja ya ce, "Na sani, Malam Aminu. Ni ma na yi makaranta. Kaɗan-kaɗan za a riƙa zubawa."

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, ko kaɗan ɗin ba za ta ɗauka ba."

"Baba, kamfani na neman yadda zai tsaya da ƙafarsa, kai kana maganar shadda."

Ku lura, ba jahilci ba ne. Ya sani sarai. A ƙarshen makon Malam Aminu na cikin waɗanda aka sallama. Ranar Lahadi kuma, Baba na coci, ni da Isufu muna hutu, aka buɗe wa tanka get ɗin baya. Ba kaɗan-kaɗan ba, juye cikinta ta yi duka, ta koma ta sake ɗaukowa.

Litinin da safe tun daga titi na ji warin. Kwatami ya yi launin da ban taɓa gani ba. Wani ya kunna famfo ya bar shi, ya riga ya tura ruwan cikin rijiya. Muka rufe bawul, muka yi duk abin da muka sani, amma wannan ba tsami ba ne da farar ƙasa za ta gyara, guba ce. Hula ta sauka ta zauna. Na kara kunne, shiru. Ɗan gas ɗin da ya rage ba ya kamawa, sai wari mai sa hawaye. Maman Ladi ta koma girki da itace, tana share ido tana tsine wa wanda ya jawo. Gashin fatu da kitse suka dunƙule suka toshe bututun da laka ke fita ta ƙasa. Ba sauran dabara sai a ɗage hula, a kwashe rijiyar ƙarƙaf, a sake ta daga farko.

Kwashe rijiya yana da ƙa'ida, kuma Baba bai taɓa sassauta ta ba. A ɗage hula, a zuƙe abin da famfo zai iya zuƙa, a bar ramin a buɗe. A kawo fanka mai dogon hanci, wato mai faffaɗan tiyo da ke kai iska har ƙasa, ta yi kwanaki tana hurawa. A zura kaza a kwando a bar ta can ƙasa. In ta fito da ranta tana kallonka, sannan mutum ya sauka, da igiya a ƙugu, da ƙarti a sama riƙe da ita. Dalili kuwa, iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai nauyi gare ta, ƙasa take kwanciya. In kaɗan ce za ka ji wari. In ta yi yawa sai ta kashe maka hanci, ka ji kamar wurin ya yi tsabta, sannan ta kashe ka.

Fankarmu kuwa ta ƙone tun kafin wannan rikici. Baba ya yi ta zuwa ofis, amsar ɗaya ce: ba a shigo da kayan gyara, sabuwa ma ba a samunta a Kano. Muka ɗage hula, muka zuƙe abin da ya zuƙu, muka zura kaza, muka jawo ta a mace. Baba ya ɗauke ta ya kai wa manaja har tebur.

Manaja ya ce, "Jibi duba-gari na zuwa. Ina son su tarar da ramin nan a wanke."

"In an kawo fanka, ranka ya daɗe."

"Na gaya maka babu."

"To babu mai shiga. Ba ni ba, ba Haruna ba, ba Isufu ba."

A lokacin nan ne ake korar baƙi marasa takarda daga ƙasar. Motoci na ta kwasar mutane zuwa iyaka, kowa a Na'ibawa ya san wani da aka tafi da shi. Isufu ba shi da takarda. Manaja ya san haka, don ya sha faɗa cewa shi ke rufa masa asiri.

Washegari da hantsi aka aike ni da direba mu sayo farar ƙasa. Baba kuma aka kira shi ya gyara famfon bandakin ofis, can gaban kamfani. Abin da ya faru a bayanmu Maman Ladi ce ta gani, don ta fito ɗiban itace a gindin katanga. Ta ce manaja ya zo da kansa, da hankici a hanci, ya tsaya nesa da ramin ya kira Isufu.

"Kai ba mai haƙar rijiya ba ne? Sauka kawai za ka yi ka zare abin da ya toshe, sauran famfo zai ja."

Isufu ya ce, "Yallaɓai, Baba ya hana."

"Baba ne ya ɗauke ka aiki? To zaɓi. Ko ka sauka, ko in ɗaga waya a zo a kwashe ka da iyalinka yau ɗin nan."

Ta ce Isufu ya daɗe a tsaye. Sannan ya tuɓe rigarsa ya ninke ya ajiye a kan bulo, ya ɗaura igiya a ƙugunsa, ya ɗaure ɗaya bakin a jikin tsani, don ba a ba shi mai riƙewa ba. Ita kuwa ta watsar da itacen ta ruga gaba tana kiran Baba.

Motarmu na shigowa get na ji ihunta. Da na iso, Baba na bakin rami yana jan igiya, ta ƙi zuwa. Na leƙa. Isufu na kwance rub da ciki a cikin laka, ya faɗa ta ƙarƙashin bututu, igiyar ta sarƙe a jikin ƙarfen. Manaja ba ya wurin. Baba ya fizgi wata igiyar ya ɗaura, ya miƙa mini bakinta, ya ce da ni da masu dafa ruwa da suka rugo, "In na ɗaga hannu ku ja. In ban ɗaga ba ma ku ja." Ya cika ƙirjinsa da iska ya sauka. Ya kai ƙasa, ya warware igiyar Isufu daga bututu, ya juyo ya kama tsani. Numfashin ya ƙare masa kafin ya yi nisa. Na ga ya shaƙi iska, hannunsa ya saki. Muka ja. Muka fito da shi, muka fito da Isufu.

Muka kwantar da su a inuwar katanga, Maman Ladi na kwara musu ruwa tana kiran sunan Yesu, mu muna salati. Baba ya yi tari ya amayar da abin da ke cikinsa. Isufu bai motsa ba. A bayan motar da muka ɗauko farar ƙasa muka kai su asibiti. Likita ya duba Isufu, ya ja mayafi ya rufe.

Kafin la'asar labari ya zagaya kamfani cewa Isufu farfaɗiya gare shi, ita ta kayar da shi, kuma shi ya shiga don kansa, ba wanda ya sa shi. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa a cikin rijiyoyi bai taɓa faɗuwa ba! Maman Ladi ta tsaya a tsakiyar kantin ta faɗi abin da ta gani da ƙarfi, ni ma na tashi na faɗi maganar kaza da fanka. Mutane suka sunkuyar da kai a kan kwanukansu, don kowa na tsoron sallama. Wasu suka ce kwanansa ne ya ƙare. Na yarda, kowa da ranarsa. Amma Allah bai ce a tura bawansa rami da barazana ba, kuma wanda ya tura zai amsa tambaya. Maman Ladi ba ta kai ƙarshen wata ba aka sallame ta. Ni an bar ni ne don ba wani da ya rage da ya san rijiyar.

Muka yi masa sutura a Na'ibawa. Matarsa ba ta kai ƙara ko'ina ba. Wadda ke ɓuya wa hukuma, wurin wa za ta kai ƙara? 'Yan garinsu suka sa ta a mota ta koma da yaran. Duba-gari sun zo, an zagaya da su ta gaba, ba a kai su bayan katanga ba. Tankar masu fatu ta koma juye ruwanta a rafi, wannan karon can ƙasa inda ba a gani daga titi. A shekarar nan masu lambun da ke ɗibar takinmu suna kallo latas ɗinsu ya ƙone a tsaye.

Rijiyar dai na tashe ta daga baya, ni da wasu sababbin ma'aikata, sai da muka ci damina guda muna jigilar tumbin shanu. Ta yi aiki har ranar da kamfanin ya rufe. Baba bai sake hawa kan hula ba. Ƙirjinsa ya lalace, in ya yi taku kaɗan sai ya tsaya ya huta, kuma hancinsa bai sake jin wari ko ƙamshi ba. Daga baya ya koma Pankshin, can ya rasu.

Amma ranar da aka sallamo shi daga asibiti, ya ce sai na kai shi bayan katanga kafin gida. Na ɗauko shi a keke na zaunar da shi a benci. Muna nan zaune sai ga direban kamfani ya yi ribas har bakin rami, ya sauke wani kwali. Na yanke igiyar na buɗe. Fanka ce sabuwa fil, da dogon hancinta a naɗe cikin leda. Itacen girki ya ishi manaja, yana son wutarsa ta dawo.

Baba ya daɗe yana kallonta. Sannan ya tambayi direba, yana magana yana hutawa, "Daga Legas... aka kawo?"

Direba ya ce, "Wace Legas, Baba? Nan Sabon Gari. Da safen nan aka aike ni. Mai shagon ma cewa ya yi ta daɗe a ajiye ba mai tambaya."

Baba ya gyaɗa kai. Ya ce in je in kira masa manaja. Na je, aka ce yana da baƙi. Na dawo na faɗa masa. Ya ce to in haɗa fankar. Na haɗa, na zura hancin har ƙasa, na kunna. Ta ɗauka da ƙara, warin da ke kwance a ramin ya taso, iska ta kwashe shi ta nufi tagogin ofis da shi. Can sai ga masinja a guje, ya toshe hanci da hularsa, wai manaja ya ce a kashe, baƙinsa sun kasa zama.

Baba ya jira numfashinsa ya daidaita, sannan ya ce, "Ka ce masa kwanaki za ta yi tana hurawa. Haka ƙa'idar take."